Haƙori da Haƙuri

Shekara arba'in ina toshe ɓarakar gidajen mutane,
daga Kwarbai har bayan Ƙofar Gayan.
In ga tsaga a soro, in gane damunar da ta haife ta.
Yau ga ni a Shika, kwance,
baki hangame kamar zauren da ƙyaurensa ya faɗi,
Likita Lantana, sa'ar autata, tana leƙen azarata.
Ta ce, "Baba Cindo, gara ta shiga turminka."
Na so in ce mazarƙwailar Maƙarfi ce,
auduga ta tare mini harshe.

Ta jero mini kayan aikinta a faranti.

Na fari ruwan toka ne,
azurfa da kuza da tagulla, an kwaɓa da zaiba.
Ba ya manne wa kowa, in ji ta,
sai an fafe masa ɗaki mai faɗin ciki da ƙaramar ƙofa,
a cusa, a danna, a daɓe.
Na ce a raina, tubali ke nan:
zama ne ke riƙe shi, ba ƙauna ba.
Zai daɗe yana murƙushe aya bai ce wash ba,
sai dai baƙi ne, kuma ɗan rahoto,
ka kurɓi ruwan randa ya kai wa jijiya labari.

Na biyu fari tas, launin haƙorin kansa.
Ya fi su kyau, ya fi su tsirfa.
Ɗigon yawu ɗaya ya isa ya yi yaji.
Rana ba ta busar da shi, iska ba ta yi,
sai wata fitila mai shuɗin ido.
Kuma yana tsukewa in zai ƙame,
shi ya sa ake sa shi kaɗan-kaɗan, sahu bisa sahu.
Nan dariya ta kusa shaƙe ni.
Mahaifina ya taɓa tsinka mini mari a Limancin Kona
don na ɗora sahu a kan ɗanyen sahu.
Ashe marin har asibiti ya zo, ya sa farar riga.

Na uku garin gilashi ne, ba shi da ƙashin dambe,
tauna mai nauyi takan cinye shi.
Amma yana haƙuri da danshi,
yana tsattsafa wa bangon maƙwabcinsa magani a hankali,
ba kuɗi, ba gori.
Makuba, na ce. Ta ce, "Mene?" Na ce, ci gaba.

Tangaran akwai tauri, babu sunkuyo,
tsakuwa ɗaya a cikin shinkafa ta ishe shi ajali.
Zinariya kuwa ba ta tsatsa, ba ta gaba da na sama.
Da ta faɗi kuɗinta sai na shiga ƙirga fankar ɗakin.

Na ce, to wanne ya fi?
Ta cire safar hannu, ta ce,
"Babu wanda ya kai wanda ka zo da shi.
Mu duka 'yan faci ne, Baba."

Ƙarshenta ko ɗaya ba ta sa mini ba.
Ramin ya yi zurfi, ya kusa ɗakin jijiya.
Ta liƙa wani farin ƙulli mai ƙanshin kanumfari,
na wucin gadi,
ta ce in dawo bayan Juma'a biyu, a ga ko ciwon ya kwanta.
Ni da nake ce wa masu gida su jira bango ya sha iska,
yau ni ake ba haƙuri.

A hanyar gida, daf da Ƙofar Doka,
na ga katangar ƙasa da wani ya yaɓe da siminti.
Ya ɓamɓare, ya zubo da naman bangon tare da shi.
Na kau da kai.
Harshena kuwa yana can ciki, bai huta ba,
yana shafa sabon yaɓen nan,
gefe da gefe,
yadda tafin magini ke neman inda ruwa zai shiga.